Baƙin Hijabin da Ya Koma Fari

A daminar 2024, cikin mako guda, mutum uku suka dawo wa Auta da ƙorafi iri ɗaya. Auta ɗan ƙanwata ne. Yana da ɗan shagon caji da turin fina-finai a Sabuwa: teburi ɗaya, tsohuwar kwamfutar cinya, allon katako da aka jera wa soket, sai batirin sola a ƙarƙashin benci. Na ukun ne ya iske ni zaune a wurin. Wani matashi ne mai gyaran babur, hannunsa duk baƙin mai. Ya ajiye waya a kan teburin ya ce fim ɗin da aka tura masa jiya lalatacce ne. Ana tsaka da kallo kala ta ɗauke, mutane suka koma kamar fatalwa, sai can ta dawo da kanta. A canja masa wani, ko a mayar masa da kuɗinsa.

Fim ɗin shi ne kashi na biyu na Dune, wanda Denis Villeneuve ɗan ƙasar Kanada ya ba da umarni, ya fito a farkon watan Maris na shekarar. Ƙagaggen labarin kimiyya ne da aka ɗauko daga littafin Frank Herbert na 1965, labarin wata duniya ta hamada zalla da manyan gidajen sarauta ke yaƙi a kan arzikin da ke cikin rairayinta. Samarin garinmu sun so shi, don rawani da hamada da ƙarancin ruwa ba baƙin abu ba ne a wurinsu.

Wanda bai san yankinmu ba zai ga kamar ƙorafin bai kai ya kawo ba. Amma mu da muka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Dandume, mun san darajar memori. Watanni aka yi ba kira ba intanet, abin da ke cikin katin nan ɗan mitsitsi shi ne rediyon mutum, shi ne silimarsa. Tun daga lokacin, mai turin da ya ba ka fayil mai matsala ya taɓa maka abu mai tsada, kuma sunansa ne zai ɓaci a majalisa.

Auta ya dube ni ya ce, "Kawu, wallahi ni ban taɓa komai a cikinsa ba."

Na ce ya buɗe mu gani.

Bayan awa ɗaya da 'yan mintuna da farawa, labarin ya tashi daga hamada ya koma duniyar azzaluman fim ɗin, gidan Harkonnen. Wani fili ne na dambe da wuƙa, dubban mutane masu aski ƙwal sun cika shi, kuma babu ɗigon kala ko ɗaya. Fari, baƙi, toka-toka. Zargin farko ya faɗa kan fayil ɗin, sai dai duk wanda ya daɗe a sana'ar turi ya san kamannin fayil mai ciwo. Hoto ne ke farfashewa gida-gida, ko wani kore ya ratsa allo, ko murya ta riga baki, ko ya tsaya cak. Wannan kuwa sumul yake tafiya, har ya fi sauran fim ɗin fitowa tar. Matse fim domin ya shiga ƙaramar waya yana rage ingancin kala, yana dama ta, amma bai taɓa kwashe ta duka na wasu mintuna ya kuma mayar ba. Duk da haka Auta ya sa wani abokinsa ya kawo masa wani kwafin daga Funtuwa, mai nauyin da ya ninka nasa sau da yawa. A daidai wurin nan, a daidai daƙiƙar nan, kala ta tafi.

Muka koma kan waya. Wasu wayoyin suna da saitin da ke mayar da allo fari da baƙi idan dare ya yi. Muka gwada a Tecno, muka gwada a Itel, muka gwada a kwamfutar. Duk kanwar ja ce.

Da muka maimaita wurin a hankali sai muka lura da wani abu. Kalar ba tashi ɗaya take ɗaukewa ba. Muddin mutum yana cikin gini, akwai ɗan launi a fatarsa. Yana fitowa rana sai launin ya zube daga jikinsa kamar an tsoma shi a ruwa. Lalacewa ba ta san inuwa da rana ba. Da gangan aka yi ke nan. Auta ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi ke nan, gobe zai gaya wa mai gyaran babur haka masu fim ɗin suka so.

Ni kam hankalina bai kwanta ba, kuma dalilina yana rataye a bangon ɗakin mahaifiyarmu. Akwai hoton marigayi mahaifinmu da aka ɗauka a wani gidan hoto a Funtuwa tun kafin a haife ni, fari da baƙi ne, ya sa farar riga da baƙar hula. Hular baƙa ce a zahiri, baƙa ta fito a hoto. Haka hoto marar kala yake tun fil azal: ja da kore da shuɗi su koma toka-toka, amma baƙi ya tsaya a baƙinsa. To a cikin fim ɗin nan akwai wasu mata sanye da baƙaƙen lulluɓi daga sama har ƙasa. Suna tafe a inuwa, baƙi wuluk. Suna taka rana, lulluɓin ya koma fari fat, a kan idonka, ba a yanke hoto ba. Na sa Auta ya ɗauki hoton baƙin hijabin ƙanwarsa da waya, ya cire kalar da manhajar gyaran hoto. Hijabi ya zauna a baƙinsa. Ya ƙara haske har bango ya ƙone, hijabin dai toka mai duhu ya zama.

Ga kuma fatar mutanen. Ba ta yi kama da ta farin mutum a hoto marar kala ba. Sul take kamar kyandir, kamar haske ya shige cikinta ya dawo, idanun kuma sun yi zuru-zuru da duhu.

Auta ya ce, "Kawu, kwamfuta ce kawai."

Wannan amsar tana ci mini rai, don ita ce ke kashe tambaya a bakin yaranmu. Duk abin mamakin da suka gani a fim sai a ce kwamfuta, a tashi. Gaskiya ne taron mutanen filin da ginin kansa akwai aikin kwamfuta a ciki. Gaskiya ne kuma tun 2002, da George Lucas ya fitar da kashi na biyu na Star Wars wanda ya ɗauka da kyamarar Sony HDW-F900 maimakon fim na nadi, manyan fina-finan kimiyya suka fara komawa kyamarar dijital. Amma kyamarar dijital ba zane take yi ba, haske take kamawa kamar kowace kyamara. Zuciyata ta ba ni cewa fatar nan da yadin nan wani haske ne ya sauka a kansu da gaske. Wane haske ne, ban sani ba a lokacin.

Bakin zaren ya fito daga inda ba mu zata ba. Bayan kwana biyu na je siton wani Alhaji mai sayen masara, abokina ne tun ƙuruciya, yana tara hatsi yana kai wa kasuwar Dandume. Ina zaune a kan buhu ina sake kallon wurin nan a waya, sai dattijon da ke gadin siton ya leƙo ta kafaɗata. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Malam, ai wannan hoton dare ne."

Na ce, "Baba, rana ce tsaka, ga inuwarsu nan a ƙasa."

Ya girgiza kai. Ya ce shi dai ya san wannan hoton, kullum da shi yake kwana. Ya ja ni zuwa ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa, inda Alhaji ya sa ƙaramin allo. Saboda halin da ake ciki na tsaro, Alhaji ya kafa kyamarorin CCTV guda biyu masu aiki da sola, ɗaya tana kallon ƙofa, ɗaya tana kallon bayan sito. Baba maigadi ya ce in dawo da magariba in ga abin da yake nufi.

Na dawo da Auta. Muka yi salla, muka tsaya a ƙarƙashin kyamarar ƙofa. Duhu na sauka sai muka ji wani ɗan sauti daga cikinta, ƙyas, kamar an karya tsinken ashana. Wasu ƙananan fitilu da ke kewaye da gilashinta suka yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Muka shiga ɗaki. A kan allo kala ta tafi. Ganyen dalbejiyar da ke bakin ƙofa ya yi fari kamar an watsa masa auduga. Baba ya fita ya tsaya a fili da baƙar rigar sanyinsa ta leda-leda, sai ga riga fara sol. Fuskarsa kuwa, shi da yake baƙin mutum sosai, ta yi haske ta yi santsi, tamojin goshi duk sun ɓace. Auta ya ɗora wayata kusa da allon. Hoton fim da hoton sito kamar uwa ɗaya ta haife su.

Daren nan ba mu tashi da wuri ba. Auta ya ruga gida ya ɗauko hijabin ƙanwarsa, da allon karatun ƙaninsa, da littafin da yake rubuta bashi. Muka riƙa miƙa su gaban kyamara ɗaya bayan ɗaya. Hijabin ya koma fari. Rubutun biro a littafin bashi ya dushe har da ƙyar ake ganinsa. Amma rubutun allo, tawadar gawayi da ƙaro, ya tsaya baƙi ƙirin, ko wasali ɗaya bai ɓace ba. Ashe baƙi iri-iri ne. Akwai baƙin rini na zamani, akwai baƙin gawayi, idonmu ne ya haɗa su ya ba su suna ɗaya.

A nan ne na tuna da rimot. Na ce a ɗauko na talabijin ɗin Alhaji. Ka danna shi kana kallon ɗan ƙwan da ke bakinsa, ba za ka ga komai ba. Ka saita shi ga kyamarar waya ka danna, sai ka ga yana walƙiya da wani haske fari mai ratsin shunayya. Masu shekaruna za su tuna tsofaffin wayoyin Nokia, kafin zuwan Bluetooth, yadda muke haɗa su baki da baki a tura sauti, ba a yarda kowa ya motsa ba. Infirared muke ce masa. Shi ne dai wannan.

Asalinsa, a 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fito kala-kala kamar bakan gizo. Ya riƙa sa ma'aunin zafi a kowace kala. Da ya gusa da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Akwai haske a wurin, mu ne ba mu da idon ganinsa. Idon ɗan Adam yana kama haske daga wajen nanomita 400 zuwa 700. Ƙwayar idon kyamarar dijital, wadda ake yi da silikon, tana wucewa har kusan 1,100. Fitilun kyamarar tsaro galibi a 850 suke haskawa, rimot kuma a 940. Saboda wannan ƙarin ganin yana ɓata kala, masu ƙera kyamara suna sa wani siririn gilashi a gaban ƙwayar idon domin ya tare ɓoyayyen hasken. Ƙyas ɗin da muka ji da magariba, gilashin nan ne kyamarar ta janye gefe. Rinin zamani da yawa yana shanye hasken da muke gani ne kaɗai, ɓoyayyen kuwa sai ya wuce ya daki zaren ya dawo, shi ya sa hijabi ya yi fari. Gawayi yana shanye duka biyun. Ganye mai rai yana mayar da shi sosai, abin da Robert Wood ya nuna a hotunan da ya wallafa tun 1910. Sinadarin da ke sa fatarmu duhu ba ya riƙe shi sosai, yana ɗan nutsewa cikin fata kafin ya fito, sai fuska ta yi haske ta yi sul.

Da mun tsaya a nan da mun ce an gama. Auta ne ya tsinko abin da bai daidaita ba, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai, don yaron da ya ce kwamfuta ce kawai shi ne yanzu ya ƙi yarda da amsa mai sauƙi. Ya ce, "Kawu, dubi idon Baba." A allon sito, idanun Baba maigadi suna ƙyalli kamar na kyanwa. A fim kuwa idanun duhu ne. Sannan hoton sito na dare ne, na fim kuma ga inuwa a ƙasa gajeriya, alamar rana tana tsaka.

Na kwana ina juya wannan. Ƙyallin ido dai na gane shi da asuba: fitilun kyamarar tsaro suna manne da gilashinta, haske ya shiga ido ya daki bayansa ya dawo ta hanyar da ya bi, kamar yadda tocila ke kama idon akuya. Idan hasken daga sama yake zuwa, ba abin da zai dawo. Wace fitila ce a sama mai ɓoyayyen haske da zai isa fili guda? Herschel ya riga ya ba da amsa. Kusan rabin ƙarfin da rana ke aiko mana infirared ne. Ba a buƙatar dare, abin da ake buƙata shi ne a kawar da gilashin da ke tare ɓoyayyen haske, a sa wani da zai tare wanda muke gani.

Na farkon mai sauƙi ne, a saitin kyamarar akwai inda ake tilasta mata zama a yanayin dare ko da rana. Muka gwada, hoton ya fito fari da baƙi amma gauraye, hijabin ya yi toka-toka kawai, don hasken da muke gani yana shiga tare da ɗayan. Na biyun ne ya kai ni Funtuwa wurin wani tsohon mai hoto da ya daina wanki tun da waya ta kashe kasuwar. Na roƙe shi bakin nagatif na fim mai kala, wancan baƙin ɓangaren da haske ya ƙone kafin a wanke. Ya buɗe wata durowa mai ƙamshin tsohuwar takarda ya ba ni guda huɗu, bai karɓi ko sisi ba, sai tambaya da ya yi ko har yanzu akwai mai amfani da wannan. Baƙin nagatif rini ne shi ma, yana tare hasken ido, yana barin ɓoyayyen ya wuce.

Ranar da muka yi gwajin, bayan azahar, sama ta washe bayan ruwan safe. Auta ya hau tsani, ya kashe fitilun kyamarar bayan sito, ya yanka nagatif biyu daidai faɗin gilashin ya manna da salatif. Kyamarar nan tana kallon wata 'yar gonar masara da Baba maigadi ke nomawa a bayan katanga. Muka shiga ɗaki. Sama ta yi duhu kamar hadari ya haɗo, gajimare suka fito fari tas a cikinta. Masarar, wadda ta kai ƙirji a lokacin, ta koma fara ƙal tun daga tushe har kai, tana kaɗawa. Auta ya fita ya tsaya a tsakiyarta da hijabin a kafaɗa. Farin yadi, fuskar kyandir, idanu biyu masu duhu. Ba ƙyalli ko kaɗan.

Sai bayan wannan na nemi abin da masu fim ɗin suka faɗa da bakinsu, kuma ya zo daidai. Mai ɗaukar hoton, Greig Fraser ɗan Ostareliya, wanda ya ci kyautar Oscar da kashi na farko na Dune, ya yi amfani da kyamarar ARRI Alexa LF. An cire mata gilashin da ke tare infirared, aka sa wanda ke tare hasken ido. A Budapest ta ƙasar Hungary aka ɗauki wurin, a fili, cikin zafin bazarar 2022, har Austin Butler da ya fito a matsayin Feyd-Rautha, ɗan gidan Harkonnen da ke dambe a filin, ya ba da labarin yadda zafi ya riƙa kayar da mutane. Mai tsara sutura, Jacqueline West, ta sha irin mamakin da muka sha da hijabi: wasu baƙaƙen yadduka suna fitowa fari, dole aka riƙa gwada kowane yadi a gaban kyamarar kafin a ɗinka. Wurin da mutum ke fitowa daga inuwa launi yana zubewa kuwa, kyamara biyu aka haɗa a kan abin ɗaukar fim mai 3D, ɗaya ta kala ɗaya ta infirared, suna kallon abu ɗaya, daga baya aka narkar da hoton wannan cikin na waccan.

Abin da ya fi burge ni shi ne kasadar. Da sun ɗauka da kala suka cire daga baya, in ba ta yi ba sai a mayar. Wannan kuwa, in ban da wuraren da launi ke zubewa, babu kalar da aka ajiye a ko'ina, kuma Villeneuve ya gaya wa masu kuɗin fim ɗin haka tun kafin a fara. Dalilinsa na labari ne. Yana son mai kallo ya yarda cewa mutanen nan a ƙarƙashin wata baƙar rana suka tashi, ranar da ba ta ba da launi, kuma daga nan halinsu ya samo asali. Alexa tana cikin kyamarori mafi tsada da iya fitar da kala a duniya, suka zare mata abin da ke sa kalar ta yi kyau, saboda abin da wurin yake buƙata ke nan.

Na gaya wa Auta wannan ne musamman domin ya daɗe yana cewa in ya sami babbar kyamara zai yi fim. Fraser ɗin nan dai yana cikin waɗanda suka ɗauki The Creator na 2023, fim ɗin dala miliyan 80, da Sony FX3, 'yar ƙaramar kyamarar da kuɗinta bai kai dala 4,000 ba a lokacin, irin wadda masu ɗaukar biki ke riƙewa. Nan kusa da mu a Kaduna, samarin Critics Company da waya mai fasasshen gilashi da koren yadi suka yi gajerun fina-finan kimiyyar da duniya ta san su da su a 2019, har mai shirya fina-finai J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki a shekarar da ta biyo. Auta bai ce komai ba. Ya dai hana a cire nagatif ɗin sai da ya kwafi minti goma na gonar a memori.

Kafin mu tafi na nuna wa Baba maigadi wurin damben tun daga farko, da sauti. Bai kai ƙarshe ba ya miƙo mini wayar. Ya ce shi duk lokacin da allo ya koma wannan launi, kunnensa ne ke tashi, yana jiran ya ga wani ya ɓullo ta bayan katanga, don haka ba zai iya kallonsa a matsayin wasa ba. Na yi shiru, don mutanen Budapest ba su san da shi ba, amma abin da suka nema a jikin mai kallo shi ne wannan.

Sai ya juya ga allon sito, inda masararsa ke kaɗawa fara tas a ƙarƙashin baƙar sama. Ya matso da kujera. Ya ce shekara biyu yana kallon wannan allo, bai taɓa ganin gonar a cikin wannan hasken da rana ba. Ya ciro wata ƙaramar waya daga aljihun gaba, ya ɓalle murfin bayanta, ya zaro memorin da farce ya miƙa wa Auta.

"Ɗana, sa mini wannan. Zan nuna wa mai ɗakina."